Tsaraba Daga Ƙasar Tumaki

A gidanmu na Kano, ko Wudil mutum zai je cin kasuwa sai ya bi ɗaki-ɗaki ya yi sallama, in ya dawo kuma a yini ana shigowa yi masa sannu da hanya. Mahaifiyata ba ta taɓa dawowa hannu Rabbana ba. Ko rake ne, ko ƙuli-ƙuli, ko biredi, sai ta baje tabarma ta zauna tana kasa shi, tana kiran mai kowane kashi, har da maƙwabciyar da ba sa ga-maciji. Mu yara muna tsaye a kanta kamar za mu haɗiye ta. Da wannan na tashi, da shi kuma na zo New York, ban taɓa zama na tambayi kaina ko yana da amfani a nan ba.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, irin wanda ake kwana a can. Ina da ɗaki a wani dogon bene a titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx, amma zaman baƙunta nake yi a cikinsa. In na ja ƙofa ranar Litinin sai Asabar, in kuwa mai canjina ta yi halinta ba ta zo ba, sai in zarce wani makon. Mijina ya rasu tun ɗanmu yana sakandare. Yaron ya girma ya samu aiki a Texas, yana kira in ya tuna, ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci. A duk benen, wadda zan ce mun saba ita ce matar da ƙofarta ke kallon tawa, mutuniyar Maraɗi mai shagon turare da atamfa. Ba wani ƙawance mai zurfi ba ne. Takan aiko mini da fura in ta dama, ni kuma in na yi miyar kuka ranar Asabar sai in zuba mata.

Tsohuwar da nake kula da ita a lokacin Baturiya ce, ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, sai a keke. Kanta ma ya fara kwancewa. Tana iya gaya miki sunan karen da suka yi kiwo tana yarinya, amma ba ta san ko ta ci abincin rana ba. Iyayenta daga Ireland suka zo, sai 'yarta ta ce za ta kai ta ta ga ƙasar kafin lokaci ya ƙure. Likita ya hana jirgin sama, saboda haka a jirgin ruwa za a je, irin manyan nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga bakin ruwan Manhattan. Ni ce mai tura keke, mai wanka, mai ba da magani, dole da ni. Ban daɗe da karɓar fasfon Amurka ba, ko hatimi ɗaya babu a cikinsa.

Da safen da za mu tashi na ja akwatina na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata. Shiru, ta riga ta fita shago. Na ƙara bugawa duk da na san ba kowa. Motar da aka aiko tana ƙasa, direban yana ta danna mini oda. Na kira ɗana, bai ɗauka ba, na bar masa saƙo. Haka na kama hanyar tafiya mafi nisa da na yi tun zuwana ƙasar nan ba wanda ya ce mini Allah ya kiyaye hanya. Abin ya tsaya mini a rai har muka wuce ƙarƙashin gada, gari ya ɓace.

Ba zan ce na ga teku sosai ba. Abin da na fi gani shi ne ƙeyar tsohuwata, da farin gashinta da nake taje mata kowace safiya. Mai tura keke a baya take rayuwa. Mutane su sunkuyo su gaishe da wadda ke zaune, su yaba hularta, su wuce. A ɗakin cin abinci kowa da nasa, miji da mata, kaka da jikoki, ana ta ɗibar abinci kamar gobe za a hana. Ni ina yanka mata nama ƙanana-ƙanana, in ta gama in ci kifi da shinkafa a tsaye. Waya ba ta aiki a tsakiyar ruwa sai an biya, ban kuwa ga dalili ba.

Ranar da muka iso Ireland jirgin bai matsa gaɓa ba. Can nesa ya tsaya, ƙananan jirage ne ke kwasar mutane, ga ruwa yana ta tambal-tambal. Ma'aikatan suka ce ba za a sauke mai keke ba, akwai haɗari. 'Yar tsohuwar ta yi ta roƙo har idonta ya kawo ruwa, suka ba ta haƙuri. Uwar kuwa ko a jikinta, tana kallon tsuntsaye ta taga. An riga an yanki tikitin yawon yini guda, za a ga lambuna da wata tsohuwar fada da ƙauyuka. Sai 'yar ta miƙo mini ɗaya.

"Ki je ke," in ji ta. "Ni zan zauna da Mama. Ki huta yau."

Na ce mata ba komai, zan zauna. Ta ce a'a, ta riga ta yanke. Na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi a kan rigar sanyi, aka manna mini wata takarda mai lamba a ƙirji don kada in ɓata, kamar buhun da za a saka a mota.

Abin da ya fara damuna hannuwana ne. Na taka ƙasa ban san inda zan kai su ba. Shekara da shekaru ban yi tafiya a waje ba sai da abin turawa a gabana. Na sa su a aljihu, na fitar, na riƙe jaka da hannu biyu. A bas kowa ya zauna kusa da nasa. Na samu kujera ta taga, ta kusa da ni ta zauna ba kowa har muka je muka dawo. Wata yarinya mai jan gashi ce jagorarmu, ta ɗauki lasifika ta fara zuba, ba ta numfasa ba sai da direba ya taka birki. Turancinsu wani iri ne, rabi nake kamawa. In mutane suka yi dariya sai in yi murmushi don kada a ce ban ji ba.

Amma ƙasa kam Allah ya yi mata kyau. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, ko a tsakiyar damina. Gonaki an raba su da gajerun katangu na duwatsu, ba siminti, an ɗora wani kan wani kawai. Tumaki ko'ina, masu ƙiba, an shafa wa kowace shuɗi ko ja a gadon baya don mai ita ya gane abarsa. Na yi ta neman makiyayi ban gani ba. Ban ga kowa a gona ba, ban ga mace tana shanya ba, ban ga yaro ya ɗaga wa mota hannu ba. Gidaje farare tsaf-tsaf, ƙofofi a rufe. Na ce a raina, to su waɗannan wa suke yi wa sannu da aiki? Yayyafi ya sauko, ya ɗauke, rana ta leƙo, ya sake saukowa, duk kafin mu kai inda za mu.

Lambun muka fara shiga. An ce wasu masu sarauta ne suka dasa shi tun zamanin kakannin kakanni. Furanni kala-kala, an aske shuke-shuke sun yi kai ɗaya, ga tafki da agwagi. Ni dai abin da idona ke nema daban ne: nan akwai matakala, nan tsakuwa ce taya za ta maƙale, nan gangara ce sai an juya da baya. Sai da na yi nisa na tuna ba wanda nake turawa. Na ji haushin kaina. An ba ni hutun yini ɗaya, na zo ina yi wa keken da ke cikin jirgi aikin leƙen hanya.

A wani lungu mai katanga na ci karo da alayyafo. Wallahi alayyafo, irin mai jan kai, an jera shi a tsakiyar furanni an bar shi ya yi tsawo ya fitar da geza, wai ado ne. Dariya ta kama ni. Na juya da sauri in ce, "Ke, zo ki ga abin miya an mai da shi fure!" Bakina har ya buɗe. Ba kowa a bayana sai wani Bature da matarsa suna karanta allo. Na mayar da maganar ciki. Wani dattijo yana durƙushe yana cire ciyawa a gefen. Na yi masa sannu, na nuna ganyen na ce a garinmu ci ake yi. Ya ɗago ya ce, "Da gaske?" Ya yi dariya, ya ce Allah ya sa kada in gaya wa sauran. Ya koma kan aikinsa. Kusan iyakar hirar da na yi a ƙasar ke nan.

Fadar kuwa dutse ce zalla, doguwa, rabinta ba rufi. Matakalarta a murɗe take, ƙunci kamar rijiya, mutum ɗaya take ɗauka. Ɗakunan duhu, sanyi yana fitowa daga bango, tagogin ba su fi tafin hannu ba. Jagora tana ta ba da labarin yaƙe-yaƙe da wanda ya kashe wane. Ni tausayin matan gidan na ji. Duk sarautar mijinki, a ce a nan za ki yi jego? Na hau har sama ina haki, gwiwa tana ƙara. Daga can ana hango kogi da tuddai, da inuwar gajimare tana tafiya a kan gonaki.

Ina tsaye sai wasu mata da miji suka miƙo mini waya in ɗauke su hoto. Na ɗauka. Wasu suka gani suka miƙo tasu. Kafin a jima na zama mai hoton fada, duk wanda ya hau sai ya nufo ni, don ni kaɗai ce ba ta rungume da kowa. Daga ƙarshe wata mata mai kirki ta ce in kawo tawa ita ma ta ɗauke ni. Na tsaya jikin katanga, iska tana fizgar mayafina. Ta ce in yi murmushi, na yi. Hoton yana nan har yanzu. Na fito kamar wadda aka ce ta jira a nan za a dawo a ɗauke ta.

Na sauko na sami bayan wata bishiya na shimfiɗa mayafi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa na yi sallah. Daga nan na shiga wurin shan shayi na fadar, inda aka ce akwai intanet kyauta. Nan fa wayoyi suka farka. Ta ko'ina ƙara, mutane suna ɗaga waya suna nuna wa jikoki katanga. Na kunna tawa. Saƙonni suka shigo da yawa, har na ji daɗi. Da na duba, duk irin na barka da Juma'a ne da ake turawa kowa, da wa'azi, da tallar wani magani. Sai na ɗana, gajere, da Turanci, wai in ji daɗin tafiya. Maƙwabciyata ba ta kira ba. Na ce ai ba ta saba kirana ba, ƙofa take bugawa.

Shagon tsaraba yana jikin wurin shayin, ta cikinsa ake fita. Ina shiga wani abu ya taso mini, na ɗauki kwando. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne kawai ya samu aikin yi. Na ɗebi biskit na man shanu a gwangwani, da alewa, sai da na sa mai shagon ta karanta mini ta tabbatar ba giya a ciki, don mutanen nan har a alewa suna zubawa. Na ɗauki sabulai masu ƙamshi, da mayafin ulu mai laushi, da 'yan tumaki na wasan yara. Mai shagon tana sakawa a leda ta ce, "Lallai kina da babban iyali." Na ce mata eh. Ban ji na yi ƙarya ba a lokacin.

A hanyar komawa aka bi da mu ta wasu ƙauyuka na bakin teku. Mutane sun gaji, wasu sun yi barci a kafaɗar juna. Na ɗora ledojin a kujerar da ba kowa, na fara kasawa a zuci yadda mahaifiyata take yi. Sunayen da suka fara zuwa duk na gida ne: yayata, gwaggona, matar kawuna mai yawan mita. Wasu sun rasu, sauran kuwa teku da sahara ne tsakaninmu. Na dawo New York. Mayafin na maƙwabciyata ne, wannan ba magana, tumakin na 'ya'yanta. Sai na tsaya. Akwai mai naman da nake saya a wurinsa, akwai matan masallaci da muke haɗuwa sallah-sallah. In na miƙa musu sabulu, me zan ce? A cikinsu wa ya san ba na gari?

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, a cikin bas mai ɗumi ana sa kiɗa a hankali. Na ga cewa in jirgin nan ya nutse da ni, sai mai gidan haya ne zai fara cigiyata. Na yi ta lallashin kaina. Ai maƙwabciyata za ta lura. Asabar ta wuce, wata ta wuce, ba ƙamshin daddawa, ba motsi. Na san ta da baki, za ta tare ni a ƙofa ta wanke ni tas: haba Hajiya, tafiya ba sallama, sai ka ce mun yi faɗa? Har na shirya amsar da zan ba ta. Ban taɓa ƙwaɗayin faɗan wani ba irin na ranar. Da shi na hau ƙaramin jirgi na koma.

Na tarar da tsohuwata a gaban taga inda na bar ta. 'Yarta ta tambaye ni ya wurin yake, na fara ba ta labarin tumaki, sai wayar ɗakin ta yi ƙara ta tafi ɗauka. Na durƙusa na gyara wa tsohuwar bargo. Ta shafa kumatuna ta ce hannuna da sanyi, in kawo mata shayinta. Na kawo.

Mun kusa mako uku kafin mu sake ganin dogayen benayen Manhattan. Ranar Juma'a ce da hantsi. Na raka su gida, na haɗa wa mai canjina magunguna, na hau jirgin ƙasa na layin D da akwati da ledoji. A lifta na haɗu da wani ɗan Ghana mai tasi da ke hawa na sama. Ya ce, "Hajiya, an taso aiki?" Na ce an taso.

A al'ada wanda ya dawo ba ya bin gidaje, zama yake yi a zo a same shi. Na yi wanka, na sa atamfa mai kyau, na kunna turaren wuta. Na jera tsarabar a kan tebur. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba a Bronx, na zare sarƙar ƙofata na bar ta a ɗan buɗe. Na zauna a kujera ina jin lifta tana hawa tana sauka. Na ji 'ya'yan maƙwabciyata sun dawo daga makaranta suna gardama da Turanci. Wajen la'asar na ji takunta da ƙarar mukullanta, tana waya tana dariya. Ta buɗe ƙofarta, ta rufe. Da aka yi magariba na tashi na rufe tawa.

Washegari na kasa daurewa. Na zuba mayafin da gwangwanin biskit da tumakin a leda, na tsallaka na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da fara'arta, hannunta duk gari.

"A'a, Hajiya! Lahiya lau? Shigo mana. Ya aikin?"

Na ce alhamdu lillahi, ba zan zauna ba, ga wannan. Ta goge hannu a zani ta buɗe ledar. Ta zaro mayafin ta kara a kumatu, ta kira yara su zo su gani. Murnarta ta gaske ce, ba zan ɗauki alhakinta ba.

"Kai, wannan kaya na waje ne! Tsaraba ce? Wa ya yi tahiya?"

Na dubi fuskarta ko wasa take yi. Ba wasa a ciki. Da na ce ni ce, na san abin da zai biyo baya. Za ta riƙe baki, ta yi salati, ta rantse ta ɗauka ina wurin aiki, ta yi ta ba ni haƙuri, ni kuma in tsaya ina cewa ba komai. Na ji ba zan iya ɗaukar wannan ba.

"Matar da nake wa aiki ce," na ce. "Ta je ƙasar iyayenta."

"Allah sarki, tsohuwa da ƙoƙari! Har ta tuna da mu? Allah shi saka mata da alheri. Don Allah in kin koma ki yi mata sannu da hanya. Ki ce mun gode, mun ga tsaraba, Allah shi huta gajiya."

Duk kalmomin da na tsallake teku ina jira, ga su nan ta faɗe su cif, ba ta rage ko ɗaya ba, ta ba ni in kai wa wata.

Na ce, "Za ta ji."